Lambar da Masu Sayar da Intanet Ba Sa Faɗa

Tallan intanet na gida da ke isa Tudun Jukun lamba ɗaya yake ɗagawa: megabit 20 ko 50 a sakan. Wannan saurin saukewa ne, wato yadda bidiyo ko shafi ke isowa cikin wayar mutum. Akwai lamba ta biyu, saurin ɗorawa, wato yadda abin da mutum ya aika ke fita daga hannunsa. Ita ce ake yin shiru a kanta, kuma wannan shirun tauye mudu ne.

Bambancin yana da tushe a fasaha. Turken sadarwa yana watsa saƙo da ƙarfin wat gommai, ita kuwa wayar hannu ƙarfinta bai wuce wat 0.2 ba, saboda haka muryar turke ta fi ta waya isa nesa. Ban da haka, a tsarin 5G da wani ɓangare na 4G, hanya ɗaya ake rabawa tsakanin shiga da fita, kuma kamfani ne ke yanke rabon, ya ba saukewa kaso mafi tsoka. Rabin matsalar ke nan halin na'ura ne, rabi kuma zaɓin ɗan kasuwa.

Lissafin ba shi da wuya. Gigabait ɗaya megabit 8,000 ne. A saurin megabit 20, bai kai minti 7 ba ya sauka. In saurin ɗorawa megabit 2 ne, aika wannan fayil ɗin zai ci fiye da awa guda. Malamin jami'a da ke koyarwa a Kongo, wanda zai gabatar da maƙala ta Zoom, hoton mahalarta zai zo masa tangaran, amma su nasa hoton zai riƙa daskarewa, muryarsa tana yankewa. Haka lauyan da ke tura takardun shari'a, da telar da ke ɗora bidiyon ɗinkinta a Instagram, da ɗalibin da wa'adin miƙa kundinsa ke cika da tsakar dare. Kowannensu ya biya kuɗin layi mai sauri, sai ya tarar saurin na karɓa ne kawai.

Kamfanoni suna da hujja: yawancin mutane kallo suke yi, ba aikawa ba. Gaskiya ne, amma hujjar tana cin kanta. Wanda aka ƙuntata wa hanyar fita dole ya zama ɗan kallo, sannan a dawo a kafa hujja da kallon nasa. Zariya kuwa ba garin 'yan kallo ba ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, daga nan rubutun Hausa ya riƙa fita zuwa ko'ina a Arewa. Garin da ya saba aika ilimi waje bai kamata a auna shi da abin da yake iya haɗiya kaɗai ba.

Hukuma ma ta bi sahun 'yan talla. Babban burin Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 shi ne saurin saukewa na megabit 25 a birane da 10 a karkara. A Amurka kuwa, lambobi biyu ake faɗa tare: a watan Maris na 2024 hukumar sadarwarsu ta ɗaga ma'auni daga 25 da 3 zuwa 100 na saukewa da 20 na ɗorawa.

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Wanda aka ƙara wa farashi yana da haƙƙin sanin abin da yake saya. Wajibi ne hukumar ta tilasta rubuta lambobin biyu a kan kowane talla da kowane kwalin rauta, da girman rubutu iri ɗaya. Kafin nan, mai saye ya gwada layin da manhajar Speedtest a cikin ɗakinsa, da daddare lokacin da layi ke cunkushe, ya dubi lamba ta biyu kafin ya zaro kuɗi.