Gidan Wayar Ƙauye Amana Ce, Ba Kanti Ba Ne

A watan Yuli na shekarar 2011, hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da sunayen gidajen waya kimanin 3,700, galibinsu na ƙauyuka, ta ce tana nazarin rufe su, bisa hujjar cewa wasiƙu sun ragu tun da intanet ta yaɗu, asara kuma ta yi mata katutu. Hujja ce mai kama hankali a zahiri, amma wanda ya tsananta bincike zai tarar abin da ake fatan tsimewa bai wuce dala miliyan 200 a shekara ba, alhali kuwa wata doka ta 2006 ta wajabta wa hukumar ajiye fiye da dala biliyan 5 kowace shekara domin jinyar ma'aikatanta bayan ritaya, nauyin da ba a sauke mata ba sai a 2022. Ciwo yana wani wuri, aka kai wuƙa wani wuri.

Abin da ma'abota lissafi ba sa rubutawa a littafinsu shi ne, kuɗin da suka ce za a tsime ba ɓacewa zai yi ba, komawa zai yi wuyan mai rauni; domin tsohon sojan da ake aiko masa da maganinsa cikin ƙunshi, da gyatumar da ba ta da mota kuma ba ta san kwamfuta ba, su ne za su biya da kuɗin mai, da wunin tafiya, da roƙon maƙwabta. Su kansu Amurkawa sun san haka, don tun 1970 dokarsu ta hana a rufe ƙaramin gidan waya saboda asara kaɗai. Da jama'a suka yi ca, sai hukumar ta janye a watan Mayu na 2012, ta koma rage sa'o'in aiki a gidaje wajen 13,000.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakanin tijara, wadda ake awonta da riba, da maslahar al'umma, wadda shugaba yake riƙe da ita amana, kuma a kanta za a tambaye shi ranar hisabi. Ba a cike rijiyar gari don ba ta kawo haraji.

Mu a nan Arewa rufewar gidan waya ba da sanarwa take zuwa ba, da sakaci take zuwa, kuma wannan ya fi ciwo, tunda babu takardar da za a yi jayayya da ita. Ginin da a dā ake sayen kan sarki a tagarsa, malamin wasiƙa na zaune a bakin ƙofa da alƙalami, ta nan kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo take isowa daga Zariya, yau sai ka iske shi da kwaɗo a ƙofa, akwatuna sun yi tsatsa.

Ban ce a rayar da shi don begen jiya ba. Akwai garuruwa da yawa a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya, ga kuma fili da gini da ma'aikaci na hukumar gidan wayarmu, NIPOST, a zaune. Lalle ya kamata a mayar da gidajen wayar wurin ajiya da aika kuɗi, da rajistar katin ɗan ƙasa, da karɓar kayan da ake saye ta waya, kuma kada a rufe ko ɗaya sai an zauna da hakimi da mutanen gari an ji ta bakinsu.