Wane aji ɗanka yake?

'Yan uwa mazauna Amurka, iyaye mata da iyaye maza, daga Bronx har Greensboro, ku saurara!

Yaro ya kawo sakamako mai kyau, mun ce alhamdu lillahi. To, wane aji yake? Mun tambaya? A makaranta ɗaya akwai ajin kowa da kowa, akwai ajin zaƙaƙurai. A can ake fara aljebra tun aji takwas. Ta can ake kaiwa ga darussan AP, waɗanda jami'o'i da yawa ke lissafa wa yaro idan ya ci jarrabawarsu, kuɗin karatu ya ragu. 'Ya'yanmu fa? A 2019 makarantar zaƙaƙurai ta Stuyvesant da ke New York ta ba da gurbi 895. Baƙaƙen yara bakwai ne suka samu. Bakwai!

Kada wani ya ce mana ƙwaƙwalwa ce babu. A 2005 gundumar Broward ta Florida ta daina jiran malami ko iyaye su zaɓo yaro, ta yi wa duk ɗan aji biyu gwajin hazaƙa. Sai ga baƙaƙen yara masu hazaƙa suna ta fitowa. Da ma suna zaune a wurin, ba a dube su ba ne.

Mu an rene mu da girmama malami. Ka kai yaro, ka yi godiya, ka juya. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ƙasar nan shirunmu yana cin 'ya'yanmu. Uwa ta taso daga aikin dare ido ya yi ja, uba yana kan tasi, takardar zaɓen darussa ta kwana a gindin jaka har wa'adi ya wuce. Wani ɗan ya hau kujerar.

Ya isa haka. Yau da dare zazzage jakar nan. Karanta takardar. Nemi ganin mai ba ɗalibai shawara, ka ce masa: "Me ya rage ɗana ya shiga ajin gaba?" In an ce a'a, ka ce a rubuta maka dalili. Turanci bai zauna ba? Nemi tafinta, haƙƙinka ne, kyauta. 'Yar uwa, kada ki ji nauyi, matambayi ba ya ɓata.

Mutanen Karolina ta Arewa, doka tana bayanku: tun 2018, yaron da ya kai matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara, ajin gaba za a sa shi. Ku duba ko an sa naku. Mutanen New York, jarrabawar SHSAT ta shiga makarantu irin su Stuyvesant, a aji takwas ake yin ta, ku fara shiri tun aji bakwai.

Liman, faɗa bayan sallar Juma'a. Hajiya, faɗa a wurin suna. Ɗalibanmu na jami'a, ku ja ƙannenku, ku zaunar da su ranar Asabar. Mu cika zaman hukumar makarantu, mu ce a gwada kowane yaro. Mu je mu biyar, mu je mu goma. Litinin da safe, mu haɗu a ƙofar makaranta!