Raddi Ga Malamin Da Ya Raina Littafi Na Uku Na Magana Jari Ce

Wani malamin firamare a nan Batagarawa ya rubuta ra'ayinsa a kan Magana Jari Ce, takardar tana ta yawo hannu da hannu tsakanin masu sha'awar adabi. Wai littafi na ɗaya gangaran ne, na biyu ba laifi, na uku kuwa rabi daɗi rabi haushi. Hujjojinsa huɗu: labaran na aro ne, akun da ke ba da labaran ya koma mai wa'azi, babu fargaba, Hausar kuma ta yi wa yara tsauri. Zan yi masa adalci gwargwadon yadda takardar tasa ta cancanta.

Mu fara da maganar aro, don a kanta ya jingina komai. Malam, Allah ya gafarta maka, yaushe ka gano wannan? Ba asiri ba ne. A 1936 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ya nemi Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya zo Zariya. Ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya ce ya karanta ya fitar da abin da yaran Arewa za su karanta a makaranta. Imam ya yi kamar wata shida a kan aikin, littattafan suka fara fitowa a 1937. Aikin da aka ba shi ke nan, shi kuma ya yi. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran har gidajensu: Alfu Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, da sauransu.

To, ga inda hujjar ta karye. Littafi na ɗaya da Malam yake kambamawa, shi ba aro a ciki? Ginshiƙinsa ma aro ne! Aku mai tsare mutum da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa halaka, tsohon labari ne a Indiya, akwai littafi guda da aka gina a kansa, mai hikayoyi 70. Can matar aure akun yake tsarewa. Imam ya mai da ita Musa ɗan Sarki Abdurrahman, ya sa makircin Waziri ya zama ramin da ake gudu. In aro aibi ne, sai Malam ya fara jefar da wanda yake ƙauna. In ba aibi ba ne a na ɗaya, wane malami ya ba shi fatawar ya zama aibi a na uku?

Kuma ban ga alamar ya taɓa ajiye tushe da reshe ya gwada ba. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm wata kuku ce ta cinye kajin maigidanta, ta kori baƙo da ƙaryar za a yanke masa kunnuwa. A hannun Imam ta zama matar gida, rowa da kunyar baƙo suka shigo, har ka rantse a bayan gidanku aka yi. Yadi daga kanti yake, amma wanda ya yanka ya ɗinka ya yi aikin wuya, shi ake kira mai riga. Shi kansa Alfu Laila tarin hikayoyin Farisa da Indiya da Bagadaza da Masar ne. Ko shi ma za mu kai shi gaban alƙali? Haba, Malam!

Sai batun wai aku ya koma mai wa'azi. A littafi na uku aku yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari. Wannan ba wa'azi ba ne, koyon sana'a ne. A na ɗaya magana ta ceci rai, a na biyu ta ci gasa da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku aka gadar da ita. Sunan littafin ma abin da ya yi alkawari ke nan: jari ai juya shi ake yi, a bar wa 'ya'ya. Abin mamaki, mai wannan ƙorafi da alli yake ci.

Rashin fargaba kuwa, na yarda babu Waziri mai ƙulla sharri a ƙofar fada. Amma yaro ba don tsarin waje yake buɗe littafin ba, don labaran ciki yake yi, kuma ɓarayi da bokaye da sakarkaru ba su ƙare ba.

Hausa ta yi tsauri? Yaran 1940 sun karanta, jikokinsu sun kalli wasan kwaikwayonsa a talabijin na NTA Kaduna suna dariya. In na yau sun kasa, a dubi abin da ake koya musu a aji, ba marubucin da ya rasu tun 1981 ba. Wannan tambaya, Malam, kai za a yi wa ita.