Mai Kallo Da Gaggawa Rabin Wasa Ya Gani

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako wata gardama ce da ta haɗa ni da wani abokina, malamin makaranta, mutum mai son littafi ƙwarai. Muna zaune da maraice sai zance ya kai mu ga wasan nan na talabijin da a ke kira Game of Thrones, watau wasan neman gadon sarauta. Ya ce shi bai ga amfanin kallonsa ba ga wanda ya karanta littattafan, wai an kwashe tsoka an bar wa masu kallo ƙashi. Na tambaye shi yadda ya kalle shi. Ya ce cikin mako guda ya gama zango uku, waya na hannunsa yana amsa saƙo. Na ce, "Haba Malam, ai wannan leƙe ka yi, ba ka shiga ɗakin ba." Ya ce in kawo hujja. To, ga hujjar nan na rubuto, don kowa ya auna da kansa.

Da fari bari in yi ɗan bayani sabo da wanda bai san labarin ba. Wani Ba'amurke, George R. R. Martin, shi ya rubuta littattafan. Na farko ya fito cikin 1996, na biyar cikin 2011. Labari ne na ƙage, na wata ƙasa da a ke kira Westeros, inda manyan gidaje ke yaƙi kan gadon sarauta, ga kuma dodanni masu fukafukai masu aman wuta, da matattu masu tafiya. Kamfanin HBO ya mai da shi wasan talabijin, aka fara nunawa cikin Afirilun 2011, aka ƙare cikin Mayun 2019, zango takwas, kashi 73.

To, abokina ya yi gaskiya wajen abu guda. Martin ya kan ba kowane babi ga mutum ɗaya, ya shigar da mai karatu cikin zuciyarsa, ya ji tsoronsa da zatonsa da abin da ya tuna. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta shiga zuciya, iyakarta fuska da tufafi da ɗaki. Sabo da haka masu shirya wasan, David Benioff da D. B. Weiss da ma'aikatansu, sai suka ɗebi abin da littafi ke faɗa da shafi goma, suka ɓoye shi cikin ƙananan abubuwa: ɗinkin riga, da kitso, da waƙar da makaɗa ke yi a gefe. Tsokar da abokina ke nema tana nan, wurin da aka ajiye ta ne ya sake. Wanda ya sunkuyar da kai ga wayarsa lokacin da aka nuna ta, ai ba shi da bakin cewa ba a ba shi ba.

Ku dubi kashi na farko. Ned Stark, mai sarautar Arewa, yana komowa gida da 'ya'yansa, sai suka tarad da mushen wani namijin barewa, irin mai ƙaho da rassa. Suka yi gaba kaɗan, sai ga mushen wata ƙatuwar kyarkeciya, guntun ƙahon barewar ya soke ta a wuya, ga 'ya'yanta na neman nono. Ba wanda ya tsaya ya fassara wa mai kallo kome. Amma kyarkeci shi ne tambarin gidan Stark, barewa kuwa tambarin gidan Baratheon, gidan Sarki Robert, wanda ya ke kan hanya yana zuwa ya roƙi Ned ya zama wazirinsa. Cikin littafi, Catelyn matar Ned ce ta ji labarin ƙahon, gabanta ya faɗi, mai karatu ya ji faɗuwar tare da ita. A wasan an bar wa ido aikin. Wanda ya riƙe hoton nan a ransa, sa'ad da aka fille wa Ned kai a kashi na tara bisa umurnin yaron da ke amsa sunan Baratheon, sai ya ga ashe tun ranar farko aka gaya masa.

Haka kuma ranar da aka fara nuna Tywin Lannister, a kashi na bakwai. Yana cikin alfarwarsa ta yaƙi yana yi wa ɗansa Jaime faɗa kan mutuncin gida, hannunsa kuwa bai huta ba, yana ta fiɗar barewa, yana ciro hanji yana zubarwa, ko kallon ɗan ba ya cika yi. Wannan wuri ba ya cikin littafi, masu wasan suka ƙago shi. Cikin kashin nan ne kuwa Sarki Robert mai tambarin barewa ya mutu, mulki ya koma hannun jinin Lannister. Da a ce an sa wani ya tsaya ya ce Tywin mutum ne marar tausayi, da an manta kafin gari ya waye. Amma wuƙar nan da jinin nan ba mai manta su.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni sha'awa, watau batun waƙa. Gidan Lannister suna da wata waƙa ta kirari, The Rains of Castamere, wadda ke ba da labarin wani gida da ya yi wa Tywin tawaye, ya shafe su har ba a bar iri ba. Dubi yadda aka koya wa kunnen mai kallo ita ba tare da ya sani ba. A farkon zango na biyu Tyrion ya shigo majalisa yana busa ta da fito. A kashi na tara na zangon nan mayaƙa suka rera ta suna shaye-shaye kafin yaƙi. A zango na uku, kashi na takwas, Sarauniya Cersei ta ba Margaery labarin da ke bayanta, don ta tsorata ta. Mako na gaba da aka nuna wasan, cikin Yunin 2013, ga bikin aure a gidan Walder Frey, an ba baƙi gurasa da gishiri, alamar amana, ana ci ana dariya. Sai wani ya tashi ya rufe ƙofar zaure, makaɗa suka sake kiɗa. Mai lura tun kafin a zare wuƙa ya san an gama da Robb Stark da uwarsa, gama me ya kawo kirarin abokan gaba wurin bikinka? Sa'an nan Catelyn ta dubi Roose Bolton da ke zaune kusa da ita, ta ɗaga hannun rigarsa, sai ga sulke a ƙarƙashi. Wa ke sa sulke ya zo cin tuwon biki? A littafi, jikin wani ɗan gidan Frey, Edwyn, ta ji ƙarfen. Masu wasan suka mai da shi jikin Bolton, sabo da shi mai kallo ya sani, shi ne kuma wanda cin amanarsa zai fi zafi. Wannan canji, ko abokina ba zai ce ɓarna ba ne.

Sai batun tufafi. Mu da muka san mutum na duban aska takwas a ƙirjin riga ya gane darajar mai ita da gwanintar maɗinkinta, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Wata mace, Michele Clapton, ita ce shugabar masu tsara tufafin, wata kuma, Michele Carragher, ita ke aikin allura da hannu. Ku lura da Sansa, 'yar Ned. Da ta isa babban birni tana yarinya, sai ta bar kitson Arewa ta ɗauki na Cersei, don ita ta ke so ta zama. Da Margaery ta zo ta ja ta a jiki, kitson ya koma irin na Margaery. Ranar da aka naɗa ta sarauniyar Arewa a kashi na ƙarshe, gashinta a sake ya ke, ba ta kwaikwayi kowa ba, rigarta kuwa na ɗauke da jajayen ganyen itacen da mutanen ubanta ke girmamawa, da ɓawon kifi, tambarin gidan uwarta. Tarihin shekara takwas ke nan a jikin riga guda, an nuna ta ɗan lokaci kaɗan an wuce. Kuma kada a zaci sai da tsada a ke gwaninta. Clapton ta faɗa da bakinta, cikin wata lacca a 2016, cewa mayafan gashi na masu gadin Ganuwa shimfiɗu ne irin na kantin IKEA, masu kama da buzu, aka yanka, aka rine, aka tsofar da su har suka zama kamar sun sha sanyin shekaru.

Ko kafin wasa ya fara akwai abin lura. Kowane kashi ya kan buɗe da taswirar ƙasar, garuruwa na tasowa kamar kayan cikin agogo, wajen minti ɗaya da rabi. Yawancin mutane nan su ke tashi ɗebo ruwa. Alhali kuwa taswirar na sakewa bisa ga inda labari ya kai. Bayan an ƙone Winterfell, garin Stark, sai aka riƙa nuna shi yana hayaƙi. Da gidan Bolton suka zauna cikinsa, tambarinsu na mutumin da aka feɗe ya maye gurbin kyarkeci. A ƙarshen zango na shida, bayan an ƙwato garin, kyarkeci ya komo mazauninsa. Cikin wannan kashi ɗin ne kuma mai tsara kiɗan wasan, Ramin Djawadi, ya buɗe da fiyano, abin kiɗan da ya ƙi ɗora wasan a kai duk shekarun baya, don kunne ya ji baƙon sauti ya san yau akwai abin da zai faru. Kuma ya faru, gama ran nan Cersei ta tashi babban ɗakin ibada na birni da duk wanda ke ciki.

Akwai waɗansu canje-canje ƙanana da mai littafi zai ce kuskure ne, alhali da dalili. Davos, wanda aka datse wa yatsu don fasa-ƙwauri, na hagu aka datse a littafi, a wasa kuwa na dama, sabo da mai yin wasan, Liam Cunningham, bahago ne. Wata jaruma mai suna Asha aka sake mata suna Yara, don kada a ruɗa ta da wata Osha, ko da ya ke mu Hausawa sabon sunan dariya ya ba mu. Harshen Dothraki kuwa, wanda Martin ya rubuta 'yan kalmomi kaɗan nasa, sai aka ɗauki wani masanin harsuna, David Peterson, ya gina shi da nahawunsa, don kada 'yan wasa su yi ta surutun banza a ce yare ne.

To, kada a ce na zo yabo kaɗai. Abin da ya ɗaukaka wasan nan, rashinsa ne ya kunyata shi. Zango shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai kashi bakwai, na takwas kashi shida. Tun 2016 wasan ya wuce inda littattafai suka tsaya, aka shiga sauri, tafiyar da a da ta kan ci kashi uku ta koma ta ƙiftawar ido. A kashi na huɗu na zango na ƙarshe, cikin Mayun 2019, ana walima a Winterfell, sai ga kofin gahawa na takarda, irin na zamaninmu, a kan tebur gaban Daenerys. Kamfanin ya goge shi da kwamfuta bayan 'yan kwanaki, amma duniya ta riga ta gani. A kashi na ƙarshe kuma aka hango gorar ruwa ta roba kusa da ƙafar Samwell. Kofi ba wani abu ba ne, kowa na mantuwa. Abin da ya sa mutane suka riƙe shi, su masu wasan ne suka yi shekara takwas suna koya wa jama'a cewa kome aka ajiye gaban na'ura da nufi aka ajiye shi. Wanda ya koya wa mutane duba ƙarƙashin hannun riga, lalle ranar da ya yi sakaci za a gani. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon nan, ba a kuwa sake ba. Amma a yi adalci: masu allura da makaɗa ba su saki aikinsu ba har ƙarshe, rigar Sansa shaida ce. Masu tsara labari ne suka yi gaggawa, ga shi kuwa an ce sauri ya haifi nawa.

Sabo da haka shawarata ga abokina, da duk mai ra'ayinsa, ita ce ya koma ya ɗauki kashi ɗaya tak, ya ajiye waya a wani ɗaki, ya zauna tun daga taswira. In mutum na magana, ya dubi abin da hannunsa ke yi, ya dubi wuyan rigarsa, ya saurari abin da a ke kaɗawa a baya. In ya gama bai ga kome ba, ya rubuto wa Edita, ni kuwa na yi alkawari zan amsa laifina a wannan fili. Ku kuma masu karatu, wanda ya lura da wani abin da ya wuce ni, ya taimaka ya aiko, gama ido ɗaya ba ya gama kallon kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in muna da rai da lafiya.