Labarin Karkara: A Damargu, karan hatsi ne ke buɗe lakkwal

A takardar ma'aikatar ilimi da ke Yamai, shekarar karatu ta ƙananan makarantun boko tana somawa ne a farkon watan Oktoba, ta ƙare a ƙarshen Yuni, wato wata tara cur. Haka rediyo ke shela kowace shekara, haka kuma ƴan kasuwar Damagaram ke cika shaguna da kaye da bik da alli tun Satumba na tsaka. Amma wanda ya kama hanyar Agadas a wannan lokaci, ya wuce Bakin Birji da Sabon Kafi, ya ratsa ƙauyukan Tanut ko ya yi yamma wajen Balbeji, zai tarar da wani lissafi dabam. A makarantu da dama, abin da ke cikin filin lakkwal shi ne aji ɗaya ko biyu na siminti, sai dirkoki a tsaye, babu rufi babu danga. Waɗannan dirkoki su ne sauran azuzuwan. Ba za su koma aji ba sai an yanke hatsi, an kai dammuna rumbu, an sare kara.

Dalili a fili yake. Ajin rumfa da kara da zana ake yin sa, kara kuwa ba ya samuwa sai bayan girbi. Ko da ma a ce rumfar na nan tsaye, masu zama cikinta suna gona: maza na ɗaukar dammuna da korar dabbobi, mata na roron wake da kai abinci. Uban da ya shekara yana jiran wannan wata ɗaya ba zai saki hannu biyu ba don an kaɗa ƙarfe a lakkwal. Sai aikin gona ya lafa sannan diraktan makaranta ya samu kan iyaye, a tsaida ranar gayya, wannan ya kawo kara, wancan ya kawo igiya, a sayo zana a kasuwa. Kafin a gama, Nuwamba ya kama, wani wurin har ya yi nisa.

Wannan a shekarar albarka ke nan. Damargu ƙasa ce da a dā ake yi wa kirari da rumbun hatsi, inda ayarin Abzinawa ke sauka su yi lodi kafin su nufi Abzin da Bilma. Amma ƙasa ce kuma da ke bakin iyakar noma. Dokar 1961 ta shata layin da ba a yarda noman damina ya ƙetare ba, domin arewa da shi ta makiyaya ce, garin Tanut kuwa kusan a kan layin yake zaune. Duk wanda ya ga 1973 da 1984, ko 2005 da 2010, ya san abin da ake nufi. A shekarar fari, kara yakan tashi daga matsayin shara ya zama haja. Manomi na tara shi a kan rufin ɗaki ko a reshen itace, yana jiran bazara, lokacin da makiyayi zai biya kuɗi ya ceci saniyarsa da shi. A irin wannan shekara, roƙon mutum ya ba lakkwal dami biyu na kara daidai yake da roƙonsa kuɗi. In kuma an samu an kafa rumfar, sai an yi gadinta, don jakai da awaki masu yunwa ba su san aji ba, abinci suke gani.

Yawan waɗannan rumfuna ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1990 baitulmali ya bushe, tsarin tsuke bakin aljihu ya hana gini da ɗaukar ma'aikata, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, malamai suka yi ta bin bashin albashi, ƴan makaranta suka ga shekarun da aka soke ɗungum. Daga ƙarshen waɗannan shekaru aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka zama ƴan kwantaragi, sannan a 2003 aka shiga shirin ilimi na shekara goma. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai yara sun fi bulo saurin ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 400,000 a gundumar Tanut, da kusan 100,000 a ta Balbeji, wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011. A 2021 hukuma da bakinta ta ce azuzuwan rumfa a faɗin ƙasa sun kai wajen 36,000.

A wannan shekarar ce kuma ƙasa ta ga abin da rumfa ke iya yi. Ran 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba aka sake yi a Maraɗi, aƙalla 25 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Gwamnati ta hana sanya ƴan ajin reno cikin rumfa, aka yi ta maganar gini. Gobara takan shiga rediyo saboda rana ɗaya take yin ɓarnarta. Ɓarnar da rumfa ke yi wa kwanakin karatu kuwa ba ta da hayaƙi, shi ya sa ba a cika jin labarinta ba.

In an buɗe, rayuwar lakkwal ɗin ƙauye kusan iri ɗaya ce ko'ina. Yaro ya tashi da asuba ya yi karatun allo, ya sha kunu in akwai. A kaɗa tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a aduwa ko bagaruwa, a share fili, a yi layi, a ɗaga tuta da taken ƙasa, wanda shi ma an sake shi a 2023. Ƴan aji na farko na zaune a tabarma ko buhu, wasu a kan rairayi, kowa da ɗan allonsa a cinya. Inda malamai ba su isa ba, mutum ɗaya ke riƙe aji biyu, ya ba waɗannan lissafi su yi shiru, ya juya ya karanta wa waɗancan. Wasu ƙauyukan ma sai shekara biyu-biyu ake ɗaukar sababbi. Lokacin shan iska, mata masu ƙosai da gujiya na jira a gindin itace, mai dala biyar ya saya, marar ita ya tsinci magariya.

Watannin ɗari su ne cibiyar karatu, kuma su ne lokacin da iska ke shigowa ta kowace kafa ta zana, ta bice rubutun babban allo da ƙura, tari da ciwon ido su yi ta zagaya yara. Malamin da aka turo daga Dosso ko Tilaberi yana fama da yaran da suka zo da Hausa, da Barbarcin Dagara, da Tamajak, da Fulatanci, shi kuwa da Faransanci aka umarce shi ya fi yin aiki. A birnin Damagaram ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, kuma a 2025 kundin tsarin ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma ko da wane harshe za a koyar, sai an samu kwanakin da za a yi koyarwar. Haɗa da tafiyar malami zuwa babban gari neman ɗan kuɗinsa na wata, da jiran motar ranar kasuwa kafin ya dawo: nan ma kwanaki ne ke zuba.

Arewa da layin noma, wajen Tenhiya da kwarin Tarka, matsalar takan sake kama. Can ba kara kaɗai ke mulki ba, har da rijiya. Rijiyoyin Damargu zurfi gare su, raƙumi ko jaki ko sa ke jan wasaki, wanda ke kora dabbar ya kai ta ƙarshen igiya ya komo da ita kuwa yaro ne, daidai shekarun shiga lakkwal. Idan ciyawa ta ƙare, iyali su tashi, makaranta ba ta da ƙafar bin su. Tun zamanin Nasara aka gane cewa ɗan makiyayi ba ya zama sai an ba shi wurin kwana da abinci, shi ne asalin makarantun makiyaya masu kantin. A wancan zamani da ƙarfi ake ɗaukar yara, har manya da yawa suka ɓoye nasu suka tura ƴaƴan barorinsu. Daga baya, da aka ga waɗanda aka tura sun dawo da muƙami, an yi cizon yatsa. Yau ba a ɓoye yaro. Tambayar da uba ke yi ita ce: in na bar shi, me zai ci?

Amsar tana cikin tukunyar kantin. Hukumar abinci ta duniya, PAM, da gwamnati su ne suka daɗe suna ɗauke da wannan nauyi: kunu da safe, tuwo ko shinkafa da wake da rana, a makarantun makiyaya har da na dare. Ba banza ba Tarayyar Afirka ta keɓe 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da ƴan makaranta, kuma a Yamai aka yi bikin farko a 2016. Hausawa sun riga sun faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowane darakta a yankin ya san cewa ranar da motar cimaka ta sauke buhuna, aji kan cika, ranar da sito ya koma fanko kuwa ko an kaɗa ƙarfe sai a ƙirga kawuna da yatsu. Makarantar da ba ta cikin jerin masu kantin, da zarar rani ya tsananta, iyaye sun tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Najeriya, sai manyan yara su bi sahu, ƴan mata kuma su koma ga tulu da turmi, wasu a ɗaura musu aure kafin su kai aji shida.

Sai kuma ƙarshen shekara, wanda shi ma ba ma'aikata ke yanke shi ba. Guguwar farko ta bazara takan kwashe rufin rumfa. Inda aka ara gonar wani aka kafa aji, mai gona na son wurinsa kafin shuka. Ruwa na sauka, kowa ya ɗauki sungumi. Mai karatu ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya san lissafi: makarantar da ta soma a tsakiyar Nuwamba ta watse a tsakiyar Mayu, wata shida ta yi maimakon tara. Wata uku sau aji shida, wata 18 ke nan, shekara biyu cikakku na karatu. Yaron da ya fito daga irin wannan makaranta shekara huɗu ya yi, amma za a auna shi da ma'auni ɗaya da ɗan birnin da ya yi shida a ƙarƙashin kwano. In ya kasa a kolej, sai a ce ɗan ƙauye ba shi da kai, ko a ce malamin ƙauye rago ne. Zalunci ne a faɗi haka ba tare da an ƙirga kwanakin ba.

Ba a ce iyaye sun naɗe hannu ba. Tun da aka kafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda yau ake kira CGDES, da tallafin wani shiri na ƙasar Japan da ya soma a jihar Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram, mutanen gari ke zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a, su tsara aikin shekara, su tara gudummawa. Su ke kafa rumfa, su ke ba malami ɗaki, ƙungiyar iyaye mata ke bi gida-gida neman yarinyar da ta daina zuwa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙarfin talaka kusan duka yana ƙarewa ne a sake gina abin da iska za ta rushe bayan wata shida. Tun 2016 doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi ginin azuzuwan firamare. A 2024 an rushe majalisunsu, an naɗa masu riƙo, amma nauyin bai tashi daga kan ofishin ba. Gundumar Tanut dai ita ce ke ɗauke da matatar man SORAZ, a ƙaramar hukumar Olelewa, tun 2011. Wanda ya ga tankoki na fita dare da rana, ya waiwaya ya ga ajin kara a gefen hanya, yana da damar ya yi tambaya.

Ƴan asalin Damargu da ke fatauci ko aikin gwamnati a Damagaram, Agadas da Yamai ba su da rowa ga garuruwansu. Masallatai da yawa da guminsu aka gina. Abin da kan kuɓuce musu game da lakkwal shi ne lokaci. Kyautar kaye da bik a watan Oktoba tana da daɗin hoto, amma takan tarar da ajin bai wanzu ba tukuna. Buhun hatsin da za a ajiye wa tukunyar yara, da kaka ake sayensa, sa'ad da tiya ke ƙasa, ba da bazara ba da kuɗinta ya ninka. Bangon laka kuwa mutanen gari sun iya shi da kansu. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne kwano, da katako ko ƙarfen rufi, da ƙofa da taga, da ɗan simintin shafe, kuma duka a shagunan ƴan kasuwa suke. Tubalin ajin da ake son a shiga ran 1 ga Oktoba mai zuwa, a watan Disamba da Janairu ake buga shi, tun ruwan tabki bai ƙafe ba, tun samarin gari ba su watse ci-rani ba.