Wankin ciki kafin leƙa hanji: Rabin aikin da aka bar wa majiyyaci

Sankarar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan sankara a duniya, kuma ta biyu wajen kisa, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ta tsaya kan tsofaffi ba. A 2020 ta kashe ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman yana ɗan shekara 43, a 2021 kuma kwamitin ƙwararru na ƙasar ya rage shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. A nan gida, jini a bayan gida sau da yawa basir ake kiransa, har sai cuta ta yi nisa.

Gwajin da ya fi gano ta shi ne kolonoskofi: likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, ya duba bangon hanji, ya cire tsiron da ka iya rikiɗa ya zama sankara. Sai dai majiyyata da dama sun fi kokawa da shirin da ke gabatar gwajin, domin a lokacin gwajin kansa akan ba da maganin kwantar da jiki.

Kwanaki kafin ranar, ana barin wake, ganye, gyaɗa da riɗi. Ana gobe gwaji, sai tataccen ruwa: romo marar tsoka, shayi ba madara. Babu fura, babu kunu, babu zoɓo, saboda jan launinsa na iya kama da jini. Daga nan sai maganin wankin ciki, wanda wani nau'insa kan kai lita 4, mai ɗanɗanon gishiri da tayar da zuciya. Gudawa kan biyo baya har abin da ke fita ya zama ruwa garai. Raba maganin gida biyu, rabi da yamma rabi da asuba, ya fi tsaftace hanji. Masu ciwon suga da masu shan maganin tsinka jini kuwa, dole likita ya daidaita musu magungunansu tun da wuri.

Wannan tsari yana ɗauka cewa kowa na da ban ɗaki kusa, da tsaftataccen ruwa, da takardar bayani cikin harshen da yake ji. Ina wanda ya taso daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa a Kano ko Zariya, ya kwana gidan haya mai makewayi ɗaya? Idan hanji bai wanku ba, tsiro kan ɓuya, a sake gwaji, a sake biya, galibi daga aljihun iyali.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya. Ya kamata matasa su tambayi hukumomin inshora na jihohinsu ko wannan gwaji da maganinsa na cikin abin da ake biya. Asibitoci kuwa, bayani da Hausa, a rubuce da murya, da ɗakin kwana mai ban ɗaki ga baƙi, ba su kai tsadar gwajin da aka maimaita ba.