Masu rubuta manhaja a Kano: Albashi a ofis, ciniki a Kasuwar Sabon Gari

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, albashi ya daina kai ma'aikata da dama ƙarshen wata. Masu rubuta manhajar kwamfuta a Kano ma matsin bai bar su ba, sai dai suna da sana'ar da za su iya sayarwa bayan tashi daga aiki. Masu buƙatarta kuwa suna nan kusa, a Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi da ke ƙaramar hukumar Fagge, wadda aka fi sani da Kasuwar Sabon Gari.

Abubuwa biyu ne suka buɗe wannan ƙofa. Gobarar watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta nuna hatsarin ajiye lissafin kaya da na bashi a littafin takarda kaɗai. Sannan ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa karɓar tiransifa da na'urar POS ta kamfanoni irin su Moniepoint da OPay. Yanzu mai shago yana buƙatar abin da zai daidaita masa kuɗin da suka shiga asusu da kayan da suka fita daga sito.

Rubuta irin wannan manhaja ba shi ne mai wuya ba. Ana iya yinsa da dare. Wahalar tana wajen lokaci, domin sa'o'in da kasuwa ke ci su ne sa'o'in ofis. Idan manhaja ta tsaya da azahar, mai saye na tsaye, ɗan kasuwa ba zai jira a tashi daga aiki ba. Zai koma littafinsa, kuma kafin la'asar maƙwabtan layinsa sun ji labari. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma batun doka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ma'aikacin kamfani kuwa ya kamata ya sake karanta takardar ɗaukarsa aiki, don wasu kamfanoni na mallake duk abin da aka rubuta da kwamfutarsu ko a lokacinsu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora nauyi a kan mai riƙe da sunaye da lambobin wayar abokan ciniki.

Mafita mafi kusa ita ce tarayya da ɗan cikin kasuwa, wanda aka san gidansu, ya tsaya da rana yana koyarwa da karɓar ƙorafi, mai manhaja kuma ya yi gyara da dare. A rubuta rabon riba, a yi rajista da hukumar CAC, a kuma sanar da wurin aiki tun da wuri. Wanda ya tsallake waɗannan matakai yana iya rasa albashin da cinikin a lokaci guda.